Takin Amoniya Zalla da Haɗarinsa ga Manomi

Amoniya zalla, wato wadda ba a gauraya ta da ruwa ba, ta fi kowane takin zamani yawan sinadarin naitirojin. Tana ɗauke da kashi 82 cikin ɗari, alhali yuriyar da manoman Najeriya da Nijar suka saba da ita kashi 46 gare ta. Wannan ƙarfi ne ya sa manyan manoman masara a jihohin Iowa, Illinois da Nebraska na Amurka suka dogara da ita. A fili iska ce, domin tun a ma'aunin sanyi 33 ƙasa da sifiri take tafasa, don haka sai an matse ta cikin tankunan ƙarfe kafin ta zama ruwa. Tarakta ke jan tankin, wuƙaƙen ƙarfe su tsaga ƙasa, a tura ta zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe nan take.

Babban haɗarinta daga ƙishinta yake. Inda duk ta sami danshi, nan take nufa, a jikin mutum kuwa babu wuraren da suka fi ido, hanci, maƙogwaro da huhu laima. Da ta haɗu da ruwan jiki sai ta rikiɗe ta zama sinadari mai cin nama, kamar sodar da ake haɗa sabulu da ita, ta dinga nutsewa ciki ko bayan an bar wurin. Feshi ɗaya a ido na iya makantar da mutum har abada. Wanda ya shaƙe ta da yawa, maƙogwaronsa kan kumbura, huhunsa ya cika da ruwa. Ga kuma sanyinta, wanda ke daskarar da fata har riga ta manne da jiki. In aka fizge rigar ba a jiƙa ta ba, da fata za ta fita.

Warinta mai hawa kai gata ne, don hanci kan ji shi tun kafin ta kai ga illa. Sai dai idan tiyo ya fashe, gargaɗin ba ya da amfani: ruwan amoniya na bazuwa ninki ɗari takwas da ɗoriya idan ya koma iska, ya zama farin hazo mai bin ƙasa zuwa inda iska ta kaɗa shi.

Yawancin raunukan da manoma ke samu, wajen haɗa tiyo ko kwance shi suke aukuwa, musamman in ana gaggawar shuka. Tsohuwar roba, famfon da ba a ɗaure ba, ragowar amoniya da ta maƙale a bututu, su ne sanadi. Zafin rana ma na ƙara matsi, shi ya sa ba a cika tanki fiye da kashi 85 cikin ɗari. Abin da ƙetare wannan iyaka ke jawowa ya faru a Dakar ranar 24 ga Maris, 1992, lokacin da tankar da aka cika fiye da kima ta fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos, mutum 129 suka rasu, fiye da dubu suka jikkata. A hanya ma ba a tsira ba: a Satumbar 2023 wata tanka ta kife kusa da Teutopolis a Illinois, amoniyar ta kashe mutum biyar.

Maganin farko ruwa ne, mai yawa, cikin daƙiƙu. A Amurka doka ta wajabta ajiye galan biyar na ruwa mai tsabta, kusan lita 19, a jikin kowane tanki, gogaggun manoma kuma kan saka ƙaramar gorar ruwa a aljihun gaba, saboda wanda idonsa ya rufe ba zai iya laluben tanki ba. Ana wanke wurin na aƙalla minti 15, ana buɗe fatar ido da yatsa ko da zafi, sannan a garzaya asibiti. Ba a shafa mai ko man shafawa, domin suna kulle sinadarin a cikin fata. Mai aiki da ita yakan tsaya ta inda iska ke fitowa, sanye da tabarau marar huda da safar hannu ta roba mai kauri. Tabarau na yau da kullum ba ya hana ta isa ido.