Ciwon tsakiyar gani da ke zuwa da tsufa

Ƴan'uwa, sau da yawa ana kawo mana ƙorafi cewa wani dattijo ya daina gane mutane. Ka tsaya gabansa sai ka yi magana sannan ya ce "A'a, kai ne?", alhali ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ba sanda ba ɗan jagora. Wasu har su ce girman kai ne ko ruɗewar tsufa. To, galibi ciwon ido ne, kuma yana da suna.

A can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske, a tsakiyarta kuma akwai ɗan ƙaramin wuri da likitoci ke kira makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Idan mutum ya haura shekara 50 wurin nan yana iya fara lalacewa. Sai abin da ya zuba wa ido ya dushe ko ya zama tabo, amma gefe da gefe yana gani. Shi ya sa yake iya tafiya amma ba ya iya karanta Musahafi. Wannan ba yanar ido ba ce. Yana ana cire ta da aiki a asibiti, wannan kuwa aikin yana ba ya gyara shi, canza tabarau ma haka.

Iri biyu ne. Busasshe shi ya fi yawa, yana tafiya sannu a hankali cikin shekaru. Mai ruwa kuwa wasu jijiyoyin jini ne ke tsirowa su yi yoyo, cikin makonni kaɗan ya iya cinye gani. Wannan ana yi masa allura a cikin ido, kuma tana tsayar da shi idan an je da wuri. Gwajin ba wuya: rufe ido ɗaya, ka dubi bakin ƙofa ko layin sahu, sannan ka rufe ɗayan. In miƙaƙƙen layi ya karkace, kada ka jira bayan Sallah, nemi likitan ido. Masu shan taba su sani tana cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, ga kuma gado.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne zaman gida. Mutumin da ya saba sauke izu biyu bayan Asuba yanzu baƙi ya gagare shi. Ba ya bambance takardun kuɗi, ba ya ganin lambar waya ko rubutun magani. Kunyar kada a ce bai gaisa ba sai ta sa ya janye daga suna da jana'iza, daga nan baƙin ciki ya shigo. Akwai ma waɗanda ke ganin mutane ko zane-zanen da babu su. Likitoci sun san wannan: idan ido ya rage aika hoto, ƙwaƙwalwa kan ƙirƙiro nata. Kada a yi gaggawar cewa aljanu ne ko taɓin hankali, domin tsoron haka ne ke sa tsofaffi su ɓoye.

Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya yi bushara da Aljanna ga wanda aka jarraba da idanunsa ya yi haƙuri, sai dai haƙuri bai hana neman magani ba. Ibnu Abbas ya rasa gani a ƙarshen rayuwarsa, bai daina karantarwa ba. Ciwon nan da wuya ya kai ga duhu baki ɗaya, don haka a taimaki sauran ganin: haske mai ƙarfi a ɗaki, Musahafi mai manyan baƙi, madubin ƙara girma, karatun alarammomi a waya, jika ya riƙa biya masa. Kada a riƙa sauya wa kayansa wuri. In kuma ka zo gaishe shi, yi sallama ka faɗi sunanka tun kafin ya tambaya.