Na'ura a Hannun Nas: Ribarta da Wahalarta

Nas ce ta fi kowa daɗewa a bakin gadon majiyyaci, kuma ita ta fi shan wahalar neman bayani: fayil yana hannun likita, sakamakon gwaji bai iso ba, rubutun magani ba ya karantuwa. Wannan wahala, da maƙudan kuɗin da gwamnatin Amurka ta ware a dokar HITECH ta 2009 domin asibitoci su koma adana bayanai a kwamfuta, su suka cika ɗakunan jinya na can da na'urori.

Wata dabara mai tasiri sosai daga wata nas ta fito. Sue Kinnick, ta asibitin tsofaffin sojoji da ke Topeka a jihar Kansas, ta ga ma'aikacin kamfanin hayar mota yana haska lambar nan mai layi-layi da 'yar na'ura, sai ta ce me zai hana a yi wa magani haka? A ɗaura wa majiyyaci lamba a wuyan hannu, a haska ta, a haska ta jikin magani, kwamfuta ta tabbatar shi ne mai shi kuma adadin daidai yake. Binciken da aka wallafa a 2010 daga asibitin Brigham and Women's na Boston ya nuna cewa da wannan dabara kurakuran ba da magani, ban da na saɓa lokaci, sun ragu da kusan kashi 41 cikin ɗari.

Amma fa akwai ƙura. A 2008, mai bincike Ross Koppel da abokan aikinsa sun tarar da nas-nas suna manna kwafin lambar majiyyata a jikin keken kwamfuta ko ƙofa, suna haskawa daga nan. Mai kallo daga ofis zai ce lalaci ne. Ni ban yarda ba: lamba ta jiƙe ta goge, batir ya mutu, intanet ba ya kaiwa wani lungu, ga majiyyata suna jira. Haka ƙararrawar na'urori: ta yi yawa har kunne ya saba, abin da ya sa hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta yi gargaɗi a 2013.

Asibitocinmu da ke shirin barin takarda, ga ƙarancin wuta da ƙarancin ma'aikata, kada su sayi manhajar da nas mai aikin dare ba ta gwada ta a ɗakin jinya ba.