Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Samarin Amurka Da Wasan 'Yan Mata

Ran 15 ga watan Afrilu na shekarar 2012 ne gidan telebijin na HBO da ke ƙasar Amurka ya soma nuna wani wasan kwaikwayo na ban dariya mai suna Girls, watau 'Yan Mata. Wata budurwa mai shekara 25, Lena Dunham, ita ta tsara wasan, ita ce kuma ta fito a matsayin Hannah, ɗaya daga cikin ƙawaye huɗu masu fafutikar neman abin kansu a birnin New York. Tun a fitowar farko iyayen Hannah suka shaida mata sun janye hannu daga ɗawainiyarta, alhali aikin da take yi ba a biyanta ko anini.

An zaci mata ne kaɗai za su rungumi wasan. Amma da aka ƙidaya 'yan kallo a shekarar farko, sai aka tarar kashi 56 cikin ɗari maza ne, ciki har da dattawa masu yawa. Dattawan dai ba a ji ƙorafinsu sosai ba. Samari ne abin ya tsone wa ido.

Dalili kuwa shi ne irin samarin da ke cikin wasan. Adam, saurayin Hannah, ba ya amsa saƙonta sai ya ga dama, kuma da kuɗin da kakarsa ke aiko masa kowane wata yake rufa wa kansa asiri. Charlie ya cika rawar jiki a kan budurwarsa har ya gundure ta. Ray kuwa, ma'aikacin shagon sayar da kofi, ya haura shekara 30, amma daga baya aka gano ba shi da ɗakin kansa.

A watan Mayu na 2012 shahararren ɗan wasan nan James Franco ya rubuta sharhi a jaridar Huffington Post, inda ya koka cewa bai taɓa ganin tarin ragwayen maza irin waɗannan ba. Ya shawarci Hannah ta nemi kowane irin aiki, domin shi ma ya taɓa aiki a McDonald's. Sai dai ya yi adalci, ya amsa cewa ramuwar gayya ce, tun da yake wasan Entourage, wanda HBO ya nuna daga 2004 zuwa 2011, ya daɗe yana nuna mata tamkar marasa tunani.

A nan ne gizo ke saƙar. Shekara da shekaru maza ne ke riƙe da alƙalami, su ke zana mace yadda suka ga dama, mata kuma su kalla su yi shiru. Ranar da alƙalami ya koma hannun budurwa, ta zana saurayi yadda take ganinsa, sai dariya ta koma ciki. Waɗansu ma suka bar zancen labarin, suka koma sukar ƙirar jikin Lena Dunham.

Har ila yau, abin da wasan ya taɓo ya shafi kowa. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, matasa da dama a Amurka, maza da mata, sun gama jami'a ba aikin kirki. Saurayin da ya ga Ray ya fusata, mai yiwuwa kansa ya hango.

Wasan ya ci kyautar Golden Globe guda biyu a 2013, ya kuma ƙare ran 16 ga Afrilu, 2017, bayan fitowa 62. Abin mamaki, Adam Driver, wanda ya fito a matsayin saurayin da aka fi tsangwama, shi ya fi kowa ɗaukaka, har ya shiga fim ɗin Star Wars a 2015. Ga samari kuwa darasin a fili yake: wanda ya saba yi wa wasu aski, ya koyi sunkuyar da kai ranar da aka zo kansa.