Wasan haɗa kalmomi: makarantar Turanci da ba ta cin kuɗi

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, darasin da ya fi sa iyaye tagumi shi ne Turanci. Yaro zai ci sauran darussa, amma muddin bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a ba ta buɗe masa. A jarrabawar JAMB ma, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kuma da dama daga ciki a kan ma'ana suke: wace kalma ce ta yi daidai da wannan, wacce ce kishiyarta. Ɗalibin Makoda ko Koguna ko Ɗambatta da Hausa yake kwana yake tashi, a gida da gona da kasuwa. Turanci sai a aji, shi ma na ɗan lokaci. Basira tana nan, kalmomin ne suka yi masa ƙaranci.

Wasa da harshe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da kacici-kacici da zaurance da karin magana yara suke wasa ƙwaƙwalwa a dandali tun kaka da kakanni. Turawa ma suna da nasu, sai dai a rubuce suke yi. Mafi shahara shi ne Scrabble, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙiro a 1938. Allonsa yana da gidaje 225, 'ya'yan wasan kuma 100 ne, kowane da harafi da makinsa, ban da biyu da aka bari babu rubutu. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, ya haɗa kalma da su ya jingina ta da wadda ke kan allo. Haruffan da Turanci ya fi amfani da su sun fi yawa: E guda 12 ne, makinsa ɗaya, alhali Q da Z ɗai-ɗai ne, kowane da maki 10. Kamar dara yake, wanda ya iya lissafin gaba da tare hanya shi ke ci.

'Yan Nijeriya sun yi suna a wannan fage. A watan Nuwamban 2015, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble. An san 'yan wasanmu da dabarar amfani da gajerun kalmomi masu haruffa huɗu ko biyar, don kada su buɗe wa abokin karawa gidajen maki. Wannan albishir ne ga mai koyo: ba sai ya haddace dogayen kalmomin burga ba kafin ya shiga fili.

Amma akwai abin lura. A wannan shekarar ta 2015, Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci alhali ba ya jin harshen. Jerin kalmomin ya haddace kurum. Irin wannan hadda tana kawo kofi, amma ba ta amsa tambayar jarrabawa, ba ta rubuta wasiƙar neman aiki. Abin da ɗalibi yake buƙata shi ne kalma tare da ma'anarta da wurin da ake saka ta.

A nan wasan cike gurbi ya fi amfani, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World a 1913. Ma'ana ake ba ka, kai ka nemo kalmar da za ta cika gidajen. Ta haka yaro zai gano cewa "ear" kunne ne, kuma zangarniyar hatsi ce. "Bank" wurin ajiyar kuɗi ne, kuma gaɓar kogi ce. Wanda ya san ma'ana ɗaya tak, shi ne mai jarrabawa ke yi wa tarko.

Ba sai an je Kano sayen allon Scrabble ba. Kwalin da aka gama amfani da shi ya isa: a ja layuka da biro, a yanka 'yan murabba'ai a rubuta haruffa. Ƙanana su fara da juya haruffa uku, su ga yadda "tea" ke zama "eat" da "ate". Sai a kafa doka guda: ba a ba da maki sai mai wasa ya faɗi ma'anar kalmarsa da Hausa, ya kuma saka ta a jimla. In gardama ta taso, ƙamus ne alƙali. Akwai na Turanci da Hausa da Neil Skinner ya wallafa a 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, kuma wayar hannu ma tana ɗaukar ƙamus da ke aiki ba tare da intanet ba. Kowane yaro ya tanadi ɗan littafi yana rubuta sababbin kalmomin da ya ci karo da su. Biyar a rana ba ta fi ƙarfin kowa ba, ga shi da yayyafi kogi ke cika.

Kira ga malaman Turanci da shugabannin makarantun Makoda: a ware rana ɗaya a mako don wannan wasa, a riƙa shirya gasa tsakanin azuzuwa, maza da mata. Iyaye kuma, idan aka kammala aikin kaka aka samu sarari, a saya wa gida ƙamus ko da guda ɗaya ne, a zaunar da yara bayan sallar isha su gwada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara tun daga firamare, kada a jira sai jarrabawa ta ƙarato.