Wadda ta rasa yayarta, wa ke yi mata gaisuwa?

In aka yi rasuwa cikin gida, kowa ya san inda zai nufa da gaisuwa. A gaida uwa da uba, a gaida miji ko mata. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba. Yaron da iyayensa suka rasu yana da suna, maraya, kuma kowa na tausaya masa. Amma yarinyar da ta rasa yayarta, wadda suke kwana ɗaki guda, suke ci cikin kwano guda, ba ta da suna, ba ta da tabarmar da ake zuwa a tarar da ita. Galibi ma ita ake aike ta kawo wa baƙi ruwa, ta wanke kwanonin sadaka. Bayan kwana arba'in jama'a su watse, uwa ta koma kasuwa, ita kuma a ce ta ɗauki jakarta ta koma lakkwal.

Bisa irin wannan yarinya ce wata marubuciya ƴar Amurka, mai suna Jandy Nelson, ta rubuta littafinta na farko. Sunansa da ingilishi The Sky Is Everywhere, wato sama tana ko'ina. Ya fito a shekarar 2010, kuma kamfanin Gallimard na Faransa ya buga shi da faransanci da sunan Le ciel est partout. Littafi ne da aka yi domin matasa. Akwai soyayya a ciki, kamar yadda take cikin littattafan Kano da ake saidawa a kasuwanninmu, amma ba ita ce uwar zancen ba. Uwar zancen ita ce yadda gida ke zama bayan an fitar da gawar yaro daga cikinsa.

Gidan kaka da jikoki biyu

Labarin yana faruwa a wani ƙaramin gari da marubuciyar ta ƙaga, ta sa masa suna Clover, a arewacin jihar Kaliforniya, yankin manyan itatuwa da rafuka. Yarinyar da ke ba da labarin da bakinta sunanta Lennie Walker, shekarunta 17. Yayarta Bailey tana da 19. Uwarsu ta bar su hannun kakarsu tun Lennie na da shekara guda, ta shiga duniya, shekara 16 ba amo ba labari. Kakar ce ta goye su, ita da ɗanta, kawun yaran, wanda suke kira Big. Aikinsa kula da itatuwa, kuma ya yi aure sau biyar bai zauna ba.

Rannan Bailey tana wurin gwajin wasan kwaikwayon Romeo da Juliet na Shakespeare, sai ta yanke jiki ta faɗi. Bugun zuciyarta ne ya rikice, nan take rai ya yi halinsa. Ba jinya, ba sallama. Wannan ba ƙagen marubuta ba ne: likitoci sun san akwai matasa masu ciwon zuciya a ɓoye, wanda ba ya nuna kansa sai rana guda. Shi ya sa suke cewa yaron da ke suma in yana gudu ko wasa, a kai shi a auna zuciyarsa.

Littafin ya soma ne sati huɗu bayan rasuwar, lokacin da Lennie za ta koma makaranta. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Gidan ya rage mutum uku, kowa na kuka a kusurwarsa, ba mai gaya wa wani.

Kowa da inda yake ɓoye kukansa

Kakar mai zane ce. Ta cika bangon gida da hotunan mata dogaye, duka da koren launi. Tana kuma da lambun furen wardi da duk garin ya san da shi, har mutane na cewa wanda ya shaƙi ƙamshinsa sai ya faɗa soyayya. Akwai wata shuka cikin tukunya da ta yi imani ita ce madubin lafiyar Lennie, in ganyenta ya yi tabo, to jikarta ba ta da lafiya. Kawu Big kuwa sai ya koma tara matattun ƙwari yana neman dabarar tayar da su. Mai karatu zai yi dariya, daga baya kuma ya gane abin da mutumin ke nema ya tayar.

Ita Lennie ta hana a taɓa kayan yayarta. Tana sa tufafinta, tana shiga cikin ma'ajiyar kayanta ta zauna don ta ji ƙamshinta, tana kiran salularta don ta ji muryar da ta bari. Ta daina amsa kiran aminiyarta Sarah. Abin da bakinta ya kasa faɗi sai ta koma rubuta shi cikin ƴan gajerun waƙoƙi, bisa duk abin da hannunta ya kai gare shi: takardar alawa, kofin takarda, ɓawon itace, bencin hanya. In ta gama ta yar nan ta wuce. Marubuciyar ta watsa waɗannan waƙoƙi tsakanin babi-babi, ƙarƙashin kowace ta faɗi inda aka tsince ta. Nelson ta yi karatun waƙa a jami'ar Brown, ta kuma yi shekaru tana dillancin littattafai tsakanin marubuta da kamfanonin ɗab'i kafin ta rubuta nata. Ta san cewa yarinyar da ke jefar da magana bisa hanya, so take wani ya tsinta.

Lennie kuma mabushiya ce. Tana busa kilarinet, wani abin busa na baƙin icce mai maɓallan ƙarfe, ɗan uwan algaita amma muryarsa ta fi taushi. Tun kafin rasuwar ta riga ta ja da baya. Da gangan ta ɓata gwajin da za a zaɓi babbar mabushiya ta ƙungiyar makaɗan makarantarsu, ta bar wa wata yarinya kujerar, ta kuma daina zuwa wurin malamarta. Dalili shi ne ta saba zama inuwar yayarta. A ganinta Bailey ce dokin sukuwa, ita kuwa ƙaramin dokin da ke yi masa rakiya. To, ga dokin sukuwa ya faɗi. Mai rakiya ina za ta nufa? Duk gidan da ke da ɗiya mai farin jini da ƙanwa mai shiru-shiru ya san wannan tambaya.

Samari biyu

Nan ne samari biyu suka shigo. Na farko Toby, saurayin marigayiya. Shi kaɗai Lennie ke ganin ya san nauyin abin da ta ɗauka, don shi ma shi ya ɗauka. Suna haɗuwa su yi zancen Bailey, su yi kuka, har abin ya zarce ya kai su ga sumbatar juna. Duk lokacin da haka ta faru kunya da nadama su rufe ta, ta ga ta ci amanar wadda ke cikin kabari. Daga baya Toby ya gaya mata abin da ba ta sani ba: shi da Bailey sun yi alkawarin aure, kuma ta rasu da ciki. Ashe rai biyu ya rasa rana guda, kuma ashe yayar da take zaton ta san ciki da bai ɗinta tana da sirrin da ba ta gaya mata ba.

Na biyu Joe Fontaine, baƙon yaro da danginsa suka taso daga Paris, gwanin jita da kakaki, mai yawan fara'a. Bai taɓa ganin Bailey ba. Wurinsa Lennie ba ƙanwar kowa ba ce, ita ce kanta. Kullum da safe sai ya zo gidan da jitarsa, har tsohuwa da kawu suka soma dariya bayan dogon shiru. Shi ya yi ta matsa mata har ta sake ɗaukar abin busarta. Sai ga wata sabuwar damuwa: yaya za ta ji daɗin duniya alhali ƙasar kabarin yayarta ba ta bushe ba?

Ranar da Joe ya gan ta tare da Toby komai ya rushe, don a Paris ma wata ta taɓa yaudararsa. Marubuciyar ba ta wanke Lennie ba, ba ta kuma tsine mata ba. Ta nuna dai cewa baƙin ciki ba kullum yake fitowa da hawaye ba. Wani lokaci da fushi yake fitowa, ko da taurin kai, ko da aikin da in aka gani za a ce yarinya ta lalace.

Ranar da tsohuwa ta yi magana

Babin da ya fi kowane nauyi ba na samari ba ne. Don ta shawo kan Joe, Lennie ta shiga lambu ta yanke furannin kakarta ba da izini ba. Tsohuwar da ta yi wata da watanni tana haƙuri sai ta fashe. Ta gaya wa jikarta cewa ta zama mai son kanta. Sau nawa ta dafa shayi ta kira ta su zauna, yarinyar ta kawo uzuri ta fice? Ita ma fa ɗiya ta rasa, ɗiyar da ta goya da hannunta, bayan ta cikinta ta tafi ta bar ta. Sai a lokacin Lennie ta farga cewa tana ta neman mai fahimtarta a waje, alhali ga shi cikin gida yana jiranta da butar shayi.

Daga wannan faɗa ne gidan ya soma warkewa. Lennie ta yi karatun wani tsohon littafin soyayya na Ingila, Wuthering Heights na Emily Brontë wanda ya fito a 1847, har sau 23, littafin da masoya ke hallaka kansu da na kusa da su. Ita da kakarta suka sa almakashin lambu suka daddatsa shi. Sannan zancen uwa ya taso. Shekara da shekaru tsohuwa tana gaya wa yaran cewa uwarsu mai yawon buɗe ido ce, wai jinin yawo ne a danginsu. Lennie ta gano Bailey ta daɗe tana cigiyar uwar a ɓoye, ta kuma ga tarin wasiƙun da kakar ta rubuta wa ɗiyarta ba ta taɓa aikawa ba. Tatsuniyar da aka yi don a rarrashi yara ba ta hana su jin ciwon rashin uwa ba, ta dai hana su faɗi.

A ƙarshe Lennie ta yarda aka tattara kayan Bailey, ta ƙudura neman kujerar da ta gudar wa a ƙungiyar makaɗa. Ta kuma gano cewa waƙoƙin da take yarwa Joe ya daɗe yana tsintarsu yana adanawa. Littafin bai ce baƙin ciki ya ƙare ba. Abin da ya nuna shi ne mutum na iya ɗauke da shi yana ci gaba da rayuwa, kuma dariyar mai rai ba cin amanar mamaci ba ce.

Abin da iyaye ya kamata su sani

Labarin na Amurka ne, da al'adun can. Akwai sumba, akwai shan giya, akwai ciki kafin aure, kawun kuma mashayin wiwi ne. Uwar da ɗiyarta ƴar lise ta kawo shi gida da faransanci, gara ta san da haka, ta zauna su yi zancensa. A 2022 an mai da shi fim, Josephine Decker ta shirya, Nelson da kanta ta rubuta, aka nuna shi a Apple TV+. Littafinta na biyu, I'll Give You the Sun, na 2014, shi ma bisa ƴan uwa ne, tagwaye masu zane da sassaƙa da uwarsu ta rasu a hatsarin mota. Shi ya ci lambar Printz ta 2015, wadda ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ke bai wa littafin matasa mafi kyau na shekara.

Ko wanda ba zai taɓa karanta shi ba yana da rabo a ciki. Mata da yawa masu rumfa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kakanni ne masu riƙon jikoki, iyayen suna ci-rani ko aure ya kai su nesa. Kasuwa ba ta jira, da an share makoki dole a buɗe rumfa, don tukunya ba ta san an yi rashi ba. Amma in yarinya ta daina cin abinci bayan rasuwar ƴar uwarta, ko ta riƙe zanen marigayiya ta hana a wanke, ko ta soma rashin ji da ba halinta ba, kafin a ɗauki bulala a fara tambaya. A kira sunan wadda ta tafi a gabanta, kada a mai da shi abin tsoro. In tana da abin da hannunta ya iya, kitso ne, saƙa ce, lalle ne ko rubutu, a bar ta ta yi, wata maganar ta hannu take fita. Ku kuma ƴan mata da samari, tsohuwar nan da kuke gani tana ƙirga canji kamar ba abin da ya dame ta, ita ma wani ta binne. In ta kira ku shan fura da dare, ku zauna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na baya haƙuri da juna.