Yaya Ƙwayar Cuta Take Gagarar Magani a Gidan Likita?

Yau hirarmu ta lafiya ce.

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Su ne ke sa miki ya yi ruwa, su ke kawo ciwon huhu da taifot. Maganinsu shi ne antibiyotik, kamar penisilin da amoksisilin. Wani masani, Alexander Fleming, shi ya gano penisilin a birnin Landan a 1928. A 1945 ya gargaɗi mutane cewa in aka sha shi bai kai ƙima ba, ƙwayoyin za su gagare shi. Haka kuwa aka yi.

To, yaya abin yake faruwa? Ku duba gona. In kun yi noma, ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta saura. Ita ce za ta samu fili ta bazu. Haka magani yake kashe ƙwayoyi masu rauni, masu ƙarfi su tsira su hayayyafa. Har suna ba junansu wannan ƙarfi. Ku lura, ba jikin mutum ne ya saba da magani ba, ƙwayar cutar ce ta gagara.

Abin ya fi yawa a gidan likita, domin can ake yawan ba da antibiyotik. Can kuma marasa lafiya suke kwance kusa da juna, wani da miki, wani an yi masa aiki, wani jinjiri ne. Hannun da ba a wanke ba shi ke ɗaukar ƙwayar daga wannan gado zuwa wancan.

An ga haka a Maradi. Wani bincike da aka buga a 2011 ya duba yara 55 masu tamowa da aka kwantar. Ranar shiga, wajen ɗaya cikin uku suna ɗauke da ƙwaya mai gagarar magani a hanjinsu. Cikin sauran da aka sake dubawa ranar sallama, kusan duka sun ɗauka. A duniya kuma, wannan matsala ta kashe mutum fiye da miliyan ɗaya a 2019, kuma ta fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Ga abin da za ku yi:

1. Kada ku sayi kafso wurin mai talla a kasuwa. Ku je likita ya duba ku.
2. Antibiyotik ba ya maganin mura, ba kuma shi ne maganin zazzaɓin sauro ba.
3. Ku sha magani yadda likita ya rubuta, a kan lokaci, har kwanakin su cika.
4. Kada ku ba maƙwabci ragowar maganinku.
5. In kuna jinya, ku wanke hannu da ruwa da sabulu kafin ku taɓa mara lafiya, da bayan kun taɓa shi.

Rigakafi ya fi magani. Ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya, amin.