Me Ya Sa Wayarka Take Gane Alƙibla?

Idan ka buɗe manhajar alƙibla a Masama ko Gwandu, kibiya za ta nuna kusan digiri 70 daga arewa zuwa gabas. Kamfas ɗin cikin waya ne ke wannan aiki, kuma a wasu wayoyi an gina shi da shimfiɗar ƙarfe da ta fi gashin kai siranta sau dubbai. Galibi haɗin nikel kashi 80 ne da baƙin ƙarfe kashi 20.

Yadda aka shimfiɗa ƙarfen shi ke tsara halinsa. Idan ƙwayoyin zarra suka jeru sumul, maganaɗisun shimfiɗar yana juyawa cikin sauƙi, har ya ji ɗan jan da ƙasa ke yi. Idan ta yi kaushi ko datti ya shiga, sai ya yi taurin kai.

A 1988, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano cewa maganaɗisu yana sauya gudun lantarki sosai a jerin shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam. Fert ya yi nasa ne ta hanyar turara ƙarfe a hankali, mai tsada. Stuart Parkin na IBM ya nuna hanyar feshi da iskar argon ma tana aiki, ga araha. Wannan ya kai fasahar cikin ma'ajiyar kwamfuta a 1997.

Saboda haka, kafin ka tayar da salla, cire murfin waya mai maganaɗisu, ka nisanci lasifika da janareta, sannan ka jujjuya wayar kamar kana zana 8.